Yadda ake gyaran alamar giya idan ta kauce a motar a-kori-kura otomatik

Ka ja sandar giya zuwa D (tafiya gaba), kibiyar da ke nuna giya ta tsaya tsakanin N (firi) da D. Ko allon gaban mota yana nuna R (ribas) alhali hannunka ya kai sanda P (fakin). Wani lokaci ma harafin ɓacewa yake yi, ko ya riƙa ƙyaftawa. Direbobi da yawa a karkara sukan saba da abin, su ce ai hannu ya san wurin kowace giya, mota dai tana tafiya. Ni ban yarda da wannan sabo ba, balle ga motar da ake loda wa buhunan riɗi ko shinkafa a ajiye ta a ƙofar gida inda yara ke wasa. Idan alama ta kauce, ɗaya daga abu uku ne ya faru. Ko alamar ce kaɗai ta goce giya tana lafiya, ko kebul ɗin da ya haɗa sandar hannunka da giyabos ya saki, ko kuma suwic ɗin da ke jikin giyabos ya juya daga mazauninsa. Na farko aikin 'yan mintoci ne. Na biyu yana iya sa mota ta gangara ba kowa a ciki. Saboda haka kafin a ɗauki sifana sai an rarrabe wanne ne a cikinsu.

Wa alamar take bi?

Alamar giya iri biyu ce, kuma ba hanya ɗaya suke yin ƙarya ba. Tsofaffin a-kori-kura 'yan Amurka masu sanda a wuyan sitiyari, irin Ford F-150 na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 da Chevrolet ɗin da suka girme su, kibiya gare su wadda wata siririyar waya ke ja. Wayar a jikin bututun sandar giya take maƙale, don haka hannun direba kawai kibiyar take bi. Ko kebul ɗin giya ya tsinke gaba ɗaya, za ta ci gaba da nuna maka P, R, N, D lafiya lau, giyabos kuwa yana nan inda aka bar shi.

Hilux, Tacoma, Navara da yawancin motocin da suka biyo baya, harafinsu na allo da lantarki yake aiki. Akwai suwic a gefen giyabos, a kan ƙarfen da kebul ke juyawa, shi ke aika saƙo cewa an shiga giya kaza. Wannan harafin giyabos yake bi, bai san inda hannunka yake ba. Idan motarka mai sanda a ƙasa ce, tsakanin kujeru, to shaidu biyu gare ka: haruffan gefen sanda suna bin hannunka, na allo suna bin giyabos. Ranar da suka saɓa wa juna, laifin yana tsakaninsu, ko kebul ko suwic.

Aikin suwic ɗin nan bai tsaya ga harafi ba. Shi ke hana inji tashi sai a P ko N, shi ke kunna fitilar ribas, shi ke sanar da kwamfutar mota giyar da aka zaɓa. Da waɗannan ayyukan nasa za mu kama shi idan shi ne mai laifi.

Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan Alhamis za ka Maigatari ko Lahadi za ka Dambatta, kada ka bar aikin nan sai asubar ranar. Sauke kaya, ka nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙasa mai tauri, ba rairayi ba. Ja burkin hannu har ƙarshe, sannan ka sa waigi gaba da baya a taya biyu aƙalla, da babban dutse ko guntun itace mai kauri. Bulon siminti farfashewa yake yi, kada ka amince masa. Burkin hannu tayoyin baya kaɗai yake riƙewa, a motar da ta sha lodi kuwa galibi ya riga ya yi sanyi. Abin da ya sa nake tsanantawa shi ne, da zarar ka shiga ƙarƙashi ka fitar da giya daga P da hannunka, ba abin da ke riƙe da motar sai burkin hannu da waigin, kai kuma kana kwance a hanyar taya.

Idan motar mai jan taya huɗu ce, mai ƙaramar sanda ta biyu, ka tabbatar ƙaramar ba ta a N. In tana N, mota na iya gangarawa ko da babbar giya tana P. Wasu motocin Toyota har fitila gare su mai rubutun A/T P da ke kamawa don wannan gargaɗin.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai lamba 10, 12 da 14, sukundireba, filaya, tocila, tsumma, ɗan giris, da ƙusa ko fenti na yin shaida. Mai Ford ya nemi makullin tauraro T30. Sai mutum na biyu mai hankali da zai zauna a kujerar direba, ba ƙaramin yaro ba. A bar inji ya huce sosai, domin salansa yana bi ta kusa da inda hannu zai shiga.

Gwaji huɗu daga kan kujera

Murɗa makulli zuwa inda fitilun allo ke kamawa, kada ka tada inji. Taka burki, ka ja sanda a hankali daga P zuwa giyar ƙarshe, ka dawo da ita. Rabu da kallon alama, hannunka za ka saurara. Kowace giya tana da gurbin da sanda ke faɗawa ka ji ƙas. Wannan ƙas ɗin daga cikin giyabos yake fitowa, inda wani sifirin ke danna ƙarfe mai haƙora, kebul ne ke kawo shi tafin hannunka. Daga P, ƙas na farko R ne, na biyu N, na uku D. Idan yana fitowa sarai, sanda kuma tana tsayawa inda ta saba, akwai alamar kebul lafiya yake. Idan sanda tana lilo, sai ka motsa ta kusan faɗin yatsu biyu kafin ta kama wani abu, to wani wuri ya saki. Idan babu ƙas ko ɗaya, sanda na yawo sakwaf, kebul ya fita daga mazauninsa ko ya tsinke.

Na biyu, tada inji. Kori kowa daga gaban mota da bayanta, ka danne burki da ƙarfi, ka gwada tada ta a kowace giya ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar mota a P da N kawai take tashi. Wadda ke tashi a firi amma ta ƙi a P, ko wadda sai ka tura sanda gaba da hannu ɗaya kana murɗa makulli da ɗayan, kebul ɗinta ya gaza kai giyabos ƙarshen P, ko suwic ya goce kaɗan. Wadda ta tashi a R ko D kuwa, kashe ta nan take, kada ta sake hawa hanya sai an gyara.

Na uku, fitilar ribas. Inji a kashe, makulli a kunne, abokin aikinka ya tsaya ta gefe a baya. Ya kamata farar fitila ta kama daidai lokacin da ka ji ƙas na farko, ta mutu da ka bar gurbin. Idan sai sanda ta kusa N take kamawa, ko tana kamawa tana mutuwa in ka ɗan girgiza sanda, riƙe wannan a ranka. In ba ta kama ko kaɗan ba, duba ƙwai da fis tukuna kafin ka zargi suwic.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci. A cikin giyabos akwai ɗan ƙarfen da ke faɗawa tsakanin haƙoran wata giya idan an sa P, kamar sakatar ƙofa, shi ke hana mota motsi. Cire waigi, kai motar ɗan gangare mara tsanani inda ba mutane ba dabbobi, sa P, ka sauke burkin hannu, sannan ka sassauta ƙafa daga burki sannu a hankali ba tare da ka ɗauke ta ba. Mota za ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya cak. In ka ji ƙarrr tana ci gaba da silalewa, sakatar ba ta shiga ba, taka burki.

Yanzu ka haɗa sakamako. Ƙas yana nan daidai, tana tashi a P da N kawai, fitilar ribas na kamawa a kan lokaci, P yana riƙewa, kibiya ce kaɗai a karkace: tsallake zuwa gyaran kibiya a ƙasa. P yana riƙewa, ƙas daidai, amma harafin allo ko tashi ko fitilar ribas na gardama: suwic ne ko wayarsa. Sanda na lilo ko P ba ya riƙewa: kebul ne. Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne mutum ya murɗa kibiya ta dawo kan harafi alhali kebul ne ya saki. Ya rufe bakin mai gargaɗi ke nan, cutar tana nan.

Akwai kuma asarar da ba a gani da wuri. Kebul wani bawul yake turawa a cikin giyabos, mai raba man giya zuwa inda ake bukata. In bawul ɗin ya tsaya tsakanin N da D, ƙarfin man yana raguwa, farantan kuloci na ciki suna zamewa suna ƙonewa. Direba zai ga mota na jinkirin ɗaukar giya, tana nauyi a hawa, man giya ya yi duhu yana warin ƙuna. Abin da roba ɗaya za ta gyara sai ya zama sauke giyabos.

Ƙarƙashin mota

Mayar da waigi. A-kori-kura tana da tsayin da mutum zai shiga ba sai an ɗaga ta ba, in kuma dole sai an ɗaga, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Shimfiɗa buhu ka kwanta, ka haska gefen giyabos. Za ka ga liba, ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa ko fiye, da bakin kebul ko rodi a maƙale da ita. A wasu giyabos liba da suwic gefe ɗaya suke. A tsofaffin Toyota ƙarfen ratsawa ya yi, liba tana gefe ɗaya suwic yana ɗaya gefen. Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai.

Ce wa na kujera ya taka burki ya riƙa jan sanda giya ɗaya ɗaya, yana faɗa maka da baki, kuma ka ja masa kunne kada ya kai makulli wurin tashi. Kai kuma idonka a kan wuri uku.

Wuri na farko bakin kebul, inda ya hau kan liba. A cikin zoben akwai ɗan bushin na roba, fari ko ruwan ɗorawa. In ya mutu za ka ga kebul yana motsi liba tana tsaye, sai ya ci wani tazara sannan ya ja ta. Taɓa shi da yatsa: mataccen bushin farfashewa yake yi, garinsa ya zubo maka a fuska, wani lokaci ma ka tarar babu shi, zoben yana rataye a kan ƙarfe tsirara. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa. Zafin bazara da ke haura digiri 40 a Gumel da Haɗeja, ga zafin salansa, ga baƙin mai da ke ɗiga a kai, ga ƙura, roba ba ta daɗewa. Ko a ƙasashen da suka ƙera motocin abin yana faruwa. A 2022 kamfanin Ford ya kira motoci kusan miliyan 2.9 a gyara, ƙananan motoci ne wannan karon, saboda bushin ɗin bakin kebul da zafi da danshi ke lalatawa.

Wuri na biyu maƙalar da ke riƙe rigar kebul a jikin giyabos. Kebul wayar ƙarfe ce a cikin riga, kuma dole rigar ta tsaya cak wayar ta riƙa shiga da fita. In kilif ɗin da ke riƙe rigar ya fita, ko maƙalar ta lanƙwashe, sai rigar ta riƙa tafiya tare da wayar, rabin motsin hannunka ya salwanta a hanya. Hanyoyin gona da tarakta da manyan motoci suka zurfafa da damina, tudun tsakiyarsu yana dukan cikin mota, kuma maƙalar nan tana cikin abin da yake samu. A 2018 Ford ya kira motoci kusan 350,000, har da F-150 na shekarar, saboda kilif ɗin kebul bai zauna daidai ba, direba na iya kai sanda P ya zare makulli alhali giyabos bai shiga P ba. Bi kebul ɗin da tocila har inda ya shige jikin mota, ka duba ko rigar ta taɓa salansa ta narke.

Wuri na uku robobin da inji da giyabos ke zaune a kai. In sun fashe, giyabos ya sauka ko ya karkata, tazarar da ke tsakaninsa da sanda ta canza, musamman a mota mai rodi. Alamarsu ita ce ka ji gam in an shiga giya, ko ka ga sanda na motsi da kanta in an taka totur. Sai an canza su kafin a saita komai, in ba haka ba saitin ba zai zauna ba.

In kebul ya fita a daji, kashe inji, ja burkin hannu, sa waigi, ka mayar da zoben kan liba ka ɗaure shi da waya yadda ba zai zame ba. Wannan zai kai ka gida ko gareji, iyakarsa ke nan. Na san ana yin wata dabara, wani ya taka burki inji na aiki, wani ya shiga ƙasa ya tura liba zuwa D da hannu. Don Allah kada ka yi, kada kuma ka sa yaron mota ya yi. Ƙafar mutum na iya zamewa.

Canza bushin da saita kebul

Bushin ba shi da wuyar sawa. Ɓamɓare zoben daga liba da sukundireba, kankare ragowar tsohuwar robar, shafa ɗan giris, ka matse sabon da filaya har ya zauna, sannan ka danna zoben kan liba sai ka ji ya kama. Ja shi da hannu ka gani ko zai fito. A wasu motocin ba a sayar da bushin shi kaɗai sai da kebul ɗin gaba ɗaya. Sau da yawa da an sa sabon bushin alama take dawowa wurinta ba tare da an saita komai ba, don haka maimaita gwaji kafin ka kwance noti.

In har yanzu da saura, sai saiti. Dokarsa ɗaya ce a kowace mota: a sa sandar hannu a giya kaza, a sa libar giyabos a wannan giyar, sannan a ɗaure kebul a tsakaninsu. Abin da ya bambanta shi ne giyar da kamfani ya zaɓa. Toyota a N ake saita ta, yawancin Nissan a P, tsofaffin Ford masu sanda a sitiyari a D.

Ga yadda ake na Toyota. Karta shaida da ƙusa a inda notin saiti yake zaune yanzu, don ka san inda ka taso. Notin yana zaune ne a doguwar huda, a wasu a wurin liba, a wasu a ƙarƙashin sanda. Sassauta shi, kada ka cire. Tura libar giyabos da hannu har ƙarshe ta ɓangaren P, inda ba ta ƙara gaba. In kana shakkar wane ɓangare ne P, hoton da ka ɗauka lokacin da mota ke P zai nuna maka. Daga nan dawo da ita ƙas biyu, ka shiga N ke nan. Ka tuna yanzu waigi ne kawai da burkin hannu ke riƙe da motar. Na kujera ya sa sanda a N, ya ɗan danna ta kaɗan ta wajen R ba tare da ta bar gurbin ba, ya riƙe haka, kai kuma ka ɗaure noti. Wannan ɗan dannawar ita ke cinye lilon da ya rage, kuma ita ce mutane suka fi mantawa.

Ford da Chevrolet galibi ba noti gare su ba, wani makulli ne na roba a jikin kebul. Ana ɗaga shi da bakin sukundireba, kebul ya saki ya daidaita tsawonsa, sannan a danna shi ya koma. Robar ta tsufa ta sha ƙura, wanke ta da ruwa da burushi tukuna, ka bi ta a hankali, in ta karye sai sabon kebul. A Ford, sanda a D, na kujera ya ɗan danna ta ƙasa ta jingina da gurbinta, liba kuma ƙas uku daga P.

Mai tsohuwar Ford da sandarsa ke lilo, kafin ya shiga ƙasa ya leƙa gindin sitiyari, sama da fedar burki. Akwai noti biyu masu kan tauraro da ke riƙe ƙarfen da kebul ke maƙale a kai, kuma sun yi suna wajen kwancewa da kansu. Ɗaure su da T30 kawai yakan kawo ƙarshen maganar.

Motar da aka sauke wa giyabos, ko aka ɗaura mata wani na Beljiyam, ta dawo daga gareji alama a karkace, kusan kullum wannan saitin ne aka tsallake.

Suwic

Fara da soket ɗinsa, domin sau da yawa suwic lafiyarsa ƙalau, wayar ce. Cire kan batir na nagetif, danna harshen soket ka zare. Motar da ke ratsa ruwa a fadamar Haɗeja ko gonakin rani na Kura da Kadawa, za ka iya tarar da laka a ciki ko tsatsa kore-kore a kan ƙarafan. Motar dakon hatsi kuwa ɓera ne abokin gabarta. Haska saman giyabos, in ka ga ɓawon gyaɗa da tsummokara a tare wuri ɗaya, bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, za ka ji inda ya gwaguya. Wanke soket da feshin wanke kayan lantarki, bar shi ya bushe, ka mayar har ya yi ƙas. Wayar da ta yanke a haɗa ta da dalma a naɗe, murɗawa da hannu ba ta jure girgizar hanyar burji. Kuma a wurin wankin mota ka hana su saita bakin injin feshi a kan soket ɗin.

In waya lafiya take, sai saitin suwic, kuma ba a yin sa sai bayan an gama da kebul. Sa giyabos a N. Sassauta notin da ke riƙe suwic yadda zai iya juyawa kaɗan dama da hagu. A Toyota akwai layi a jikin suwic da tsagi a kan ƙarfen tsakiya, juya suwic har su miƙe a layi ɗaya, riƙe shi, ka ɗaure. A Nissan huda ce a jikin suwic da wata a jikin liba, ana zura ƙarfe mai kaurin milimita 4 ya ratsa su biyun a miƙe, sannan a ɗaure a zare shi. Na Ford ma yana da shaidar N a jikinsa. Notin a cikin alminiyam yake shiga, ba ya son ƙarfi. A giyabos ɗin Toyota A340 ma'aunin ɗaurinsa Nm 13 ne, wato ɗaurin ƙaramin sifana da hannu ɗaya. In ka cinye zaren, ka ƙara wa kanka aiki.

An saita amma harafi ɗaya ya ƙi fitowa, ko duk suna ƙyaftawa, ko mota ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa? Mai wayarin ya auna suwic da mita, giya bayan giya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona kwamfuta, sababbin Hilux ma haka. Lamba P0705 ko P0706 wannan suwic ɗin take nufi ko wayarsa. A wasu sababbin giyabos suwic yana ciki ne, sai an zubar da mai an kwance farantin ƙasa. Wannan ba aikin gindin bishiya ba ne, ƙura kaɗan ta shiga ta ɓata bawul, a kai wa masu gyaran giyabos.

A nan ne za ka iya jin mai gyara ya ce, "Alhaji, bari in haɗa maka wayar kai tsaye, ta riƙa tashi ko a wace giya, ka huta." Amsarka ita ce, "A'a Malam, gyara min suwic ɗin ko mu sayo wani." Motar da aka yi wa wannan haɗin, ranar da aka manta ta a D aka murɗa makulli, zabura za ta yi kan duk abin da ke gabanta, ko a tsakiyar kasuwar Wudil ne ranar Juma'a.

Kibiya da haruffan gefen sanda

Cire kan batir ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ka sa hannu kusa da sitiyari, saboda jakar iskar da ke kare direba a hatsari. Duk waya ko soket mai launin ɗorawa tata ce, kada ka taɓa. Kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari. A Ford za ka ga siririyar waya cikin farar riga ta sauko daga allo, da ɗan zobe a bakinta da ke rataye a jikin bututun sanda, sai wani ɗan faifan roba mai haƙora. Sa sanda a D, murza faifan da babban yatsa har kibiya ta zauna tsakiyar D, sannan ka bi sauran giyoyin ka gani. A tsofaffin Chevrolet kilif ne a jikin wuyan sitiyari, zame shi ake yi kaɗan kaɗan. Kibiyar da ta kwanta a gefe ɗaya ba ta motsi, wayarta ta tsinke ko zoben ya fita, sifirin ya janye ta. In maƙalar faifan ce ta karye, ɗaurin roba yakan riƙe ta. Kada ka ja wayar da ƙarfi, ba ta fi zare kauri ba.

Alamar gefen sandar da ke ƙasa kuwa, wani lebatun roba ne mai jan ɗigo ke zamewa tare da sanda. Ɗaga murfin, za ka tarar da yashi, ɓawon gyaɗa, busasshen lemo ko kunu da ya zube. Share, mayar da lebatun kan layinsa, in ƙwan da ke haska shi ya mutu ka canza.

Bayan gyara

Mayar da batir, ka maimaita gwaje-gwajen huɗu daga farko, har da zare makulli, wanda bai kamata ya fita ba sai a P. Sannan ka ɗan zaga da ita ba kaya, ka ji yadda take ɗaukar D da R.

Akwai ɗabi'ar da ke kashe bushin da kebul da wuri. Direba ya tsaya a gangare da lodi, ya jefa P, ya saki burki, nauyin mota da na kaya duk ya hau kan sakatar. In ya zo tashi sanda ta ƙi fita, ya fizge ta da ƙarfi, ka ji gam. Tsarin da ya dace shi ne ka tsaya da burkin ƙafa, ka sa N, ka ja burkin hannu, ka sassauta ƙafa mota ta zauna a kansa, sannan ka sa P. Kada kuma a jefa P ko R mota ba ta gama tsayawa ba.

In sayen kaya ya kama, ko a Ƙofar Ruwa ne ko a Dutse, tafi da tsohon a hannu da lambar shasi mai harafi da lamba 17. Suwic ɗin mota iri ɗaya yakan bambanta daga shekara zuwa shekara, ƙirga ƙarafan soket ka gwada siffar bakinsa da naka. Kebul kuma a shimfiɗa shi kusa da tsohon a gwada tsawo da bakunan biyu. Na Beljiyam ka ja wayar cikinsa ka tura, ta riƙa tafiya sumul ba ta cijewa, ka kuma duba bushin ɗinsa tun a shagon, domin shekarunsa ɗaya da motar da aka ciro shi.